Barista Badaru da Mai Azumin Talata

A cikin duk Hausawan da ke hawowa benen nan na unguwar Al Ras su ci tuwona, mutum ɗaya ne ke zuwa cikin baƙar kwat, da igiyar nan da Turawa ke shaƙe wuyansu da ita. Ko a watannin da zafin Dubai ke sa takalmin roba ya manne da kwalta, haka zai shigo, gumi na bin bayan kunnensa, ya ɗora jakarsa a cinya kamar an ce masa gidan ɓarayi ne, sannan ya ce, "Hajiya, a taimaka da cokali."

Cokali fa, a tuwon shinkafa da miyar kuka. Ranar farko na dube shi sama da ƙasa na ce, "Kai kuma ɗan wace ƙasa ne?" Ya ce ɗan Kaduna. Na ce to Allah ya jiƙan Kaduna. Tun daga ranar na aure shi. A shekaru jikana ne, saboda haka mijina nake ce masa, shi kuma ya ce mini uwargida, kuma har yau ina jiran lefe.

Ni da sayen atamfa da turare na fara zuwa garin nan, tun ƙafafuna suna jin maganata. Da suka daina, ɗana ya riga ya buɗe ofishin kargo a Deira, sai na zauna wurinsa. Gidanmu yana saman shagon wani mai kayan yaji, ƙamshin kanumfari da busasshen lemun tsami ya kama har labulenmu. Da azahar 'yan kasuwar Kano kan hawo su ci, su yi gardamar farashin kwantena, su sauka. A cikinsu mijin nawa, Badaru, ya faɗo, shi da ba ya sayen komai, ba ya sayar da komai.

Lauyan gwamnati ne, amma ba irin mai hular gashin nan na kotu ba. Ga yadda aikin yake. Soja ya shiga asibitin soja a gida, an yi masa tiyata ko allura, ya fito da wata lalurar da bai shiga da ita ba. Shi ko iyalinsa su kai kuka. Gwamnati kuwa ba ta jin kuka da kunne, sai da takarda. Waɗanda nasu ya yi tsanani akan turo su nan, likitocin nan su duba su ce kuskure ne ko ba kuskure ba ne, zai gyaru ko ba zai gyaru ba. Badaru ne ke tarbo su a filin jirgi, ya kai su asibiti, ya zauna ya saurara, ya rubuta wa ofishinsu na gida. In ya rubuta an yi kuskure, gwamnati ta ɗauki nauyin gyara. In ya rubuta babu komai, a rufe fayil, mutum ya koma gida da abinsa.

Da ya gama yi mini wannan bayani na ce, "Wato kai ne maigadin aljihun gwamnati. Na yi dacen miji."

Ya ce, "Uwargida, an ɗauke ni in tsare ta daga ƙarya. Ba wanda ya ce in tsare ta daga gaskiya."

Kada ku ɗauka waliyyi ne da ke raba wa kowa tausayi. An taɓa turo wani kofur da ya rantse allurar da aka yi masa a baya ta hana shi ko sunkuyawa. Da keken guragu aka sauko da shi daga jirgi. Bai yi sati ba Badaru ya biyo ta layin 'yan kargo, ya tarar da shi ya rungumo firji yana ɗora wa mota. Bai yi masa faɗa ba. Ya tsaya ya kama masa ɗaya gefen har suka ɗora, ya ce, "Sannu Kofur, Allah ya ƙara sauƙi," ya wuce. Kofur ya koma gida da firjinsa, ban da shi bai koma da komai ba.

Kyauta kuwa ba ta shiga hannunsa. Ƙanin wani majiyyaci ya taɓa kawo masa kilishi tun daga gida, ya ƙi karɓa, mutumin ya ƙi komawa da shi, suka yi ta tura wa juna a falona har na ce tunda ku duka ba ku da hankali ku ba ni. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Barista A'a. Ko a abra, kwale-kwalen nan da ke tsallakar da mutane bakin ruwa, in wani ya riga shi biya masa, sai ka ga ransa ya ɓaci kamar an zage shi. A unguwar Al Rigga yake zaune, su uku a fulat ɗaya, iyalinsa na Kaduna. Sau da yawa na ji shi a bakin matattakala yana koya wa 'yarsa lissafi ta waya, yana yi mata bayani dalla-dalla kamar yana gaban alƙali, ita kuma tana hamma.

A bariki aka haife shi. Mahaifinsa shi ne mai busa ƙahon tashin sojoji da asuba, kuma ya ce tun da ya yi wayo da ɗingishi ya san shi. Iyakar abin da ya taɓa gaya mini ke nan. Ni ma ban tona ba, don na san a wace miya ake sa hannu a wace ake bari ta huce.

Wata Litinin ya hawo da baƙo. Dogo ne, baƙi, kafaɗa kamar ƙofar zaure, ya sa farar kaftani da aka goge har tana ƙara. Ya naɗe carbi a hannunsa na dama. Badaru ya ce, "Uwargida, ga Sajan Nasir, daga gida." Mutumin ya rusuna ya gaishe ni da Inna, ya gaisa da mazan da ke zaune, ya taɓa hannun kowa ya kai ƙirji. Na zuba tuwo. Ya ce a yi masa afuwa, yana azumi. Na ce madalla, Litinin ce, na zuba masa a kula ya tafi da shi masaukinsa.

Labarinsa Badaru bai ba ni ba, don bakinsa a kan aikinsa kamar an ɗinke. Matar Sajan ce ta ba ni. Mahfuza sunanta, ta samu lambata wurin wata 'yar kasuwa, ta kira daga gida tana cewa Inna don Allah a sa ido a kan cin abincinsa. A bakinta na ji cewa a bakin daga wani ƙarfe ya shige masa dantse, aka kai shi asibitin soja aka cire. Ciwo ya warke sarai. Amma ita ta ce hannun ba kamar da ba ne, ita ce ma ta je ta kai kuka ba da saninsa ba, har ya yi kwanaki ba ya yi mata magana. Na ce me ya samu hannun? Ta ce, "Inna, ba ya bari in gani. Ya ce ƙalau yake."

Washegari Talata suka dawo daga asibiti, Badaru ya sake hawowa da shi. Na zuba. Ya ce a yi masa afuwa, yana azumi.

Na ce, "Sajan, na ga masu azumin Litinin da Alhamis. Na ga masu ramuwa. Mai azumin Talata dai kai ne na fari. Wane malami ne ya ba ka wannan laƙani? In je ni ma, ko na rage tumbi."

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai ya ce, "Nafila ce kawai, Inna."

"Ko dai tuwon ne bai yi maka ba? Faɗi gaskiya. Sojoji kun saba da wake mai tsakuwa, ƙila in na zuba yashi kaɗan za ka ci."

'Yan kasuwa suka yi dariya, shi ma ya yi. Na zuba masa a kula. Ya tara tafukansa biyu a ƙarƙashi ya karɓa, irin karɓar yaro mai tarbiyya, ya sauka. Ni dai raina ya sosu, don shekaruna a bakin murhu ba a taɓa yi wa tuwona azumi kwana biyu a jere ba.

Da mutane suka watse Badaru bai tashi ba. Tuwonsa na gabansa ya sha iska, yana ta juya cokali a ciki. Na ce, "Mijina, in ba ci za ka yi ba ka daina yi masa tiyata."

Ranar ce kaɗai ya taɓa buɗe mini cikinsa a kan wani majiyyaci, shi ma don yana neman taimakona ne. Ya ce likitar da ta duba Sajan ta ga tabo ya warke. Ta ce ɗaga hannu, ya ɗaga. Ta ce akwai ciwo? Ya ce alhamdulillah. Akwai wani gwaji da ake yi da 'yan siraran allurai da waya, a ga ko jijiyar hannu na aiki, amma ba a yi wa babba sai ya yarda, shi kuwa ya ce babu buƙata, kada a wahalar da gwamnati. Da suka fito likitar ta ja Badaru gefe ta ce masa, in har wuƙa ta taɓa jijiya lokacin cire ƙarfen nan, to gyaranta yana da lokaci. In lokacin ya wuce naman tafin hannu zai shanye, kuma babu likitan da zai iya dawo da shi. Ta ce a lissafinta lokacin ya kusa ƙarewa.

Na ce, "To ofishinku fa?"

"Oga ya kira. Ya ce tunda mai abu ya ce ƙalau yake, khalas, magana ta ƙare, in rubuta in rufe. An yanka masa tikitin Juma'a."

"Ai ka huta. Gwamnati ta ci shari'a ba ta ko buɗe baki ba."

Ya ce, "Ɗazu a abra na ga ya miƙa wa mai jirgi kuɗi da hagu. Mutumin da ke rusuna wa tsofaffi haka ba zai miƙa wa mutum abu da hagu don raini ba. Kuma carbin nan, uwargida, kin taɓa ganin ya ja ko ƙwaya ɗaya?"

Na tuno zuwansa biyun nan. Ban taɓa gani ba. A naɗe kawai yake.

"To ka tambaye shi mana."

"Na tambaya. Ya ƙame ya ce lafiya lau Yallaɓai. In na ce buɗe hannunka a gaban likita, umarni na ba shi, kuma zai ga na tozarta shi. Soja ne, zai iya cije baki ya yi abin da zai ruɗe mu na ɗan lokaci." Ya ajiye cokalin. "Amma ba ya ƙarya da ibada. Azumin nan da gaske yake yi. Ya gwammace ya wuni da yunwa da a gan shi yana cin abinci da hagu a cikin mutane."

Kun ji fa. Mutum ya tsallake harsashi, ya tsallake wuƙar likita, ga shi zai bar hannunsa ya mutu don kada 'yan kasuwar Kantin Kwari su ga ya kai loma da hagu. In ba namu ba, wa zai yi wannan?

Da la'asar Sajan ya dawo da kular jiya, a wanke tas. Badaru na nan bai tafi ba. Ya ce, "Sajan, gobe Laraba ma akwai azumin?"

"In Allah ya yarda, Yallaɓai."

"To ka ja ni cikin ladan. Ni ma zan ɗauka. Sai mu sha ruwa tare a nan wurin Hajiya."

Sajan ya dubi Badaru, ya dube ni. Mai azumi yana da uzurin ƙin abinci tun daga asuba har faɗuwar rana. Da an kira magariba uzuri ya ƙare, kuma ba a ce wa wanda ya gayyace ka buɗa-baki a'a. Ya ce, "To, Yallaɓai. Allah ya kai mu."

Ku zo ku ga mijina a ranar Laraba. Mutumin da in abincin rana ya yi jinkiri kaɗan sai ya fara duba agogo kamar mai jiran jirgi, shi ne ya wuni da azumi cikin kwat yana zirga-zirga tsakanin asibiti da ofis. Da ya hawo da yamma leɓɓansa sun yi fari fat. Na ce, "Sannu ango. In ka mutu mini a falo, takaba zan yi ba lefe?" Ya ce shwaiya shwaiya, bi ni a hankali uwargida, ba ni da ƙarfin amsa miki. Ya roƙe ni abu biyu. In sallami kowa, har ɗana, kada a samu na huɗu a gidan. Kuma kada in kawo cokali.

Na ce, "Maimaita, kunnena ya tsufa."

Ya ce, "Kin ji ni sarai."

Na shimfiɗa musu leda a tsakar falo. Na ajiye dabino a faranti, ruwa, kunun gyaɗa, sai tuwo a tire ɗaya, miya a kwano ɗaya, yadda maza ke ci a gida. Sajan ya zo cikin farar kaftaninsa, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Na koma bakin ƙofar kicin. Masallacin da ke bayan kasuwar kayan yaji ya kira salla.

Ruwan bai ba shi wuya ba, ya haɗa hannu biyu ya ɗaga kofi. Sai Badaru ya ɗauki farantin dabino ya miƙa masa ya ce, "Bismillah, Sajan."

Sajan ya warware carbin a hankali ya ajiye. Ya kai hannun dama. Babban yatsa da manuni suka isa kan dabinon suka ƙi haɗuwa. Ya tura shi da gefen hannu har ya hau yatsunsa, ya ɗago, dabinon ya faɗi kan leda ya gangara. Ya sake kaiwa, ya sake faɗuwa. Na ga hannun hagunsa ya taso daga kan gwiwa da kansa, ya tsaya a hanya, ya koma.

Na juya musu baya na shiga yi wa tukunya faɗa a kan ta kama. Ba ta kama ba. Amma kunnuwana na falo.

Badaru ya tsinci dabinon ya sa masa a tafin hannu ya ce, "Sha ruwa tukuna. Magana ba ta gudu."

Can Sajan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Barista, kai na gwamnati ne. Ka rubuta na warke. Kai ka huta, ni in huta."

"Kafin magariba da na iya, don ban gani ba. Yanzu na gani."

"Ƙaddara ce. Na karɓa."

"Ban musa ba."

"Ba ka san yadda aka yi ba ne. Likitan nan da ya yi mini aiki, manjo ne, shi kaɗai ne a kanmu, mu kuwa an jere mu har a ƙasa. Wuta ta ɗauke, da fitilar waya aka haska masa. Ba don shi ba da tuni an yi sadakar bakwai ɗina. Yanzu in tashi in ce ya cuce ni? Da wane bakin?" Ya ja numfashi. "Kuma in aka ce hannun ya lalace, sallamata za a yi. Ni ban iya komai ba sai aikin nan. Yarana ƙanana ne."

Na ɗauka mijina zai shiga lallashi da alkawura, irin na masu neman ƙuri'a. Bai yi ba. Ya ce, "Sajan, ni ba lauyanka ba ne, kada in ruɗe ka. Manjo za a tambaye shi, wannan babu makawa. Amma abin da ka gaya mini yanzu, fitilar waya da mutane a ƙasa, shi ma zan rubuta shi kamar yadda ka faɗa, don shi ma gaskiya ne. Maganar sallama kuwa ba a hannuna take ba, ba zan yi maka alkawarin abin da ban mallaka ba. Abin da na sani ɗaya ne. In ka hau jirgin Juma'a, hannun nan ba zai dawo ba. Kuma ba za ka ɓoye shi a bariki ba, bindiga ba ta karɓar azumi."

Sajan ya dubi dabinon da ke tafin hannunsa.

Badaru ya ce, "Babana allura aka yi masa a cinya, a inda bai kamata ba, a asibitin bariki. Ya shiga da zazzaɓi ya fito yana jan ƙafa. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce alhamdulillah. Har ya rasu ba wanda ya rubuta komai, don bai ce komai ba. Alhamdulillah ɗinsa gaskiya ce. Jan ƙafar ma gaskiya ce. Ni na taso ina ɗauke masa takalmi ɗaya da ke cinyewa ta gefe ina kai wa mai gyara."

Nan na ga in ban shiga ba tuwona zai mutu a banza. Na fito na ce, "Ashe dai Sajan ba tuwona ka raina ba. To na yafe. Amma ku sani ba a yi mini kuka a kan miya, gishirinta ya isa."

Sajan ya yi wata 'yar dariya da ta fito tare da abin da yake ta dannewa, ya goge ido da hannun riga. Badaru ya ce, "Uwargida, yanzu a taimaka da cokali. Biyu."

Na kawo. Sajan ya gwada riƙewa da dama, cokalin ya zame, don siriri ne, yatsun da ke aiki ba su iya kama shi ba. Sai na ga mijina ya kai hannu wuya ya kwance igiyar nan tasa, ya naɗa ta a mariƙin cokalin har ya yi kauri, ya ɗaure, ya sa masa a hannu. Ƙananan yatsun biyu suka damƙe. Loma ta farko ta zube a hanya, ta biyu ta isa. Shekara da shekaru ina tambayar amfanin igiyar nan, ranar na samu amsa.

Suka ci, suka yi salla. Da Sajan zai sauka ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yallaɓai, gwajin nan na allurai, da zafi?"

Na ce, "Ji mini soja."

Badaru ya ce, "An ce kaɗan. Zan zo in ɗauke ka da safe."

Gwaji ya nuna abin da likita ta zata. Badaru ya rubuta cewa an yi kuskure, kuma gyara na kan gwamnati. Ya rubuta fitilar waya ma, da yawan mutanen da ke kan likita ɗaya. Ogansa ya kira, ina ji daga kicin, don a bakin matattakalata aka yi wayar. Ban ji abin da ake faɗa daga can ba, na dai ji nasa: "Na'am, Yallaɓai. Haka ne, Yallaɓai. A'a, Yallaɓai." A'a ɗin ta fi yawa. Da ya shigo na ce an kore ka ne in fara neman wani mijin? Ya ce tukuna, an dai ce ina da taurin kai. Na ce wannan ai ko ni da na ba su labari kyauta.

Jirgin Juma'a ya tashi babu Sajan. Aka yi masa aiki, aka ɗauko jijiya daga ƙafarsa aka yi wa ta hannun ƙari, abin da ban taɓa sanin ana yi ba sai a wayar lantarki. Na kira Mahfuza na gaya mata. Ta yi ta godiya tana kuka, daga baya ta ce, "Inna, ya daina fushi da ni?" Na ce ya daina, amma ki bar shi ya ɗan ja aji, namiji ne, shi ke nan abin da ya rage masa.

Ya koma gida da hannu a rataye. Ba a sallame shi ba, ba a kuma mayar da shi bakin daga ba, aka ba shi koyar da sababbin shiga. Ya ce wai yanzu da baki yake harbi. Manjo an kira shi ya yi bayani, yana nan kan aikinsa, har Sajan ya je ya gaishe shi da kansa.

Bayan watanni aka sake turo shi likita ta duba. Ranar Talata ce kuwa, da azahar, falo cike da 'yan kasuwa. Ya hawo bayan Badaru, babu carbi a hannu. Na ce, "A'a, mai azumin Talata. In zuba a kula?"

Ya ce, "A zuba a tire, Inna."

Ya wanke hannu ya zauna cikin mutane. Babban yatsa ya dawo, na tsakiya ya dawo, manuni na nan yana shawara, likita ta ce a ba shi lokaci. Ya gutsuro tuwo ya murza, lomar ta fito a karkace kamar ta yaron da ke koyon ci, ya tsoma a miya ya kai baki. Wani Alhaji mai kayan gini da bai san komai ba ya ce, "Malam, matso da kwanon nan mana, ka tare miya." Sajan ya tura masa da hannun dama.

Badaru na gefe cikin kwat, ya ɗora jaka a cinya. Ban ga ya kalli hannun ba ko sau ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, a taimaka da cokali."

Na ce, "Mutum ya tsallako teku an ɗinka masa jijiya don ya ci da hannu. Kai naka lafiyayye, me aka yi masa?"

Ya ce, "Tuwon da zafi, uwargida."

Na miƙa masa. In ban ba shi ba wa zai ba shi.